Kayan mota sun iso a fashe: wa zai biya?

Malam Edita,

Assalamu alaikum. Ina roƙon fili a jaridarka mai farin jini domin in yi magana a kan rigimar da ke cin jari da zumunci a tsakaninmu masu sayar da kayan gyaran mota, wato kayan da ake aiko mana daga Kudu su iso a lalace.

Yawancin abin da muke sayarwa a kasuwannin Ƙofar Ruwa ta Kano da Panteka ta Kaduna daga kasuwar Ladipo ta Legas yake zuwa, wani kuma daga Nnewi da Anaca. Yanzu ba kowa ke takawa da ƙafarsa ba. A turo maka hoto ta WhatsApp, ka tura kuɗi, a kai kaya tasha a damƙa wa direba. Tafiyar kimanin kilomita 1,000 ce, kuma duk wanda ya bi ta Jebba da Mokwa ya san yadda hanyar ke girgiza lodi. Sai ka ga gilashin gaba ya tsage, kunnen fitila ya karye, lagireto ya lotse don an jibga masa giyabos. Mai sayarwa ya rantse lafiya lau ya miƙa. Direba ya ce a ɗaure aka ba shi. Kai kuma ga mai mota tsaye a kanka.

Sau da yawa babu maƙaryaci a cikinsu, shaida ce babu. Takardar da ake yankawa a tasha ba ta wuce suna da lambar waya da "kwali ɗaya", ba a faɗi abin da ke ciki ba, balle kuɗinsa. Ga shi kayan tokumbo ne, sun yi aiki a wata ƙasa, sun sha matsi a kwantena kafin su sauka tashar jiragen ruwa ta Apapa ko ta Tin Can a Legas, don haka ana iya samun tsohon tsagu tun daga can. Makanike ya san bambancin: sabuwar karaya fes take, tsohuwa kuwa ta sha ƙura da baƙin mai. Amma in kwali ya kwana biyu a shago kafin a buɗe, ko an riga an ɗaura kayan a mota, wannan hujjar ta tafi.

Malamanmu na fiƙihu sun warware wannan tuntuni. Wanda ya sayi abu ya tarar da aibin da ba a nuna masa ba yana da ikon mayarwa, shi kuwa wanda aka ba dakon irin waɗannan kaya amana ce a hannunsa, ba ya biya sai in ya yi sakaci. A ganina ɗora ƙarfe a kan gilashi sakaci ne ƙarara. Cusa fitila a kwali babu soso laifin mai sayarwa ne. Mu ma da muke aika yaro ya ɗauko ba tare da ya buɗe ba, muna da namu kason.

Abin da ya fi ɓata min rai shi ne jan direba zuwa caji ofis. Dokar 'Yan Sanda ta 2020 ta hana kama mutum a kan saɓa yarjejeniyar ciniki, amma ana yi. Mota ta kwana a can, a kashe abin da ya fi kuɗin fitilar, gobe direban ya ƙi taɓa kayan kowa. Akwai kotunan ƙananan basussuka a Kano da Legas, akwai kuma hukumar FCCPC mai kare haƙƙin masu saye, sai dai wa zai rufe shago ya bi shari'ar lagireto har Legas?

Don haka nake kira ga shugabannin kasuwanninmu da na ƙungiyar direbobi ta NURTW su zauna su tsayar da ƙa'ida ɗaya. A ɗauki bidiyon kaya a gaban direba kafin a ɗaure, a rubuta sunansu da kuɗinsu a rasit, mai kaya masu fashewa ya ƙara kuɗin dako don a ba su wuri na daban. In sun iso a buɗe nan take a gaban ɗan kamasho. Idan an sami ɓarna, mutum biyu daga kasuwa da biyu daga tasha su duba tare da makanike su yanke a cikin mako guda, wanda ya ƙi bin hukunci a daina yi masa lodi. Su kuma tuntuɓi takwarorinsu na Ladipo da Nnewi, domin hukuncin da aka yanke a Kano ya hau kan wanda ya aiko.

Na gode.

Wani mai sayar da kayan gyaran mota,
Ƙofar Ruwa, Kano