Takardar Koke Kan Sharuɗɗan Lasisin Tashar Lantarki ta Tiga

Zuwa ga Mai Martaba Sarkin Kano,
Ta hannun Mai Girma Hakimi,
Fadar Sarki, Ƙofar Kudu, Kano.

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa da girmamawa, Allah ya ja zamanin Sarki.

Mu dattawan unguwannin Gwale da Ɗorayi da Sharaɗa, tare da 'yan'uwanmu masu sayar da kayan gwari a kasuwannin birni, muna gabatar da kokenmu game da ƙaramar tashar lantarki mai ƙarfin megawat 10 da gwamnatin jiha ta gina a madatsar ruwa ta Tiga, da takwararta da aka tsara a madatsar Challawa da ke Ƙaraye. Muna maraba da aikin ƙwarai, roƙonmu kawai shi ne a rubuta ƙa'idar sakin ruwa ƙarara a cikin lasisin duk wanda zai gudanar da tashar.

Ranka ya daɗe, an gina Tiga a zamanin Gwamna Audu Baƙo, aka kammala a 1974, domin noman rani da ruwan sha. Injin lantarki ba ya juyawa sai an saki ruwa, saboda haka mai gudanar da shi zai so a saki ruwan daidai da buƙatar wuta, alhali manomin Kadawa da Kura da Bunkure yana buƙatarsa ne daidai da lokacin dashe da ban-ruwa. Idan aka kwarare madatsar tun cikin hunturu, kafin a kai tsakiyar bazara tumatir da albasa sun bushe a gona, kwanduna su ragu a kasuwar Kwanar Gafan, farashi ya tashi a kasuwar 'Yankaba, uwargida ta ji a tukunyarta. Idan kuma aka buɗe ƙofofi ba sanarwa a damina, mutanen da ke bakin kogi har zuwa Haɗeja su ne za su kwana cikin ambaliya.

A unguwanninmu famfo yakan yi kwanaki ba ɗigo, sai dai a tare ɗan garuwa da kurarsa a sayi jarka, yara kuwa su makara makaranta suna layin rijiyar burtsatse. Shi ya sa muke roƙon a tabbatar a rubuce cewa matatar ruwa ta Tamburawa ce za ta fara samun wutar Tiga kafin kowa.

Tunda Dokar Lantarki ta 2023 ta ba jihohi ikon tsara harkar wuta a cikin iyakokinsu, muna roƙon Mai Martaba ya sa baki wajen gwamnatin jiha da Hukumar Raya Kogunan Haɗeja da Jama'are, domin a zauna da wakilan manoma da masunta da masu unguwanni kafin a sa hannu, a kuma riƙa shelanta jadawalin sakin ruwa da Hausa a gidajen rediyo.

Allah ya ƙara wa Sarki lafiya da nisan kwana.

Masu biyayya,
Dattawan unguwanni da wakilan 'yan gwari, Birnin Kano.