Rahoton Ayyukan Shekara ga Membobin Ƙungiya, Zariya

Assalamu alaikum shugaba, iyayen ƙungiya, malamanmu da sauran 'yan'uwa maza da mata.

Ga bayanin abin da muka gudanar a bana kan hana kashe kai da lafiyar ƙwaƙwalwa. Lissafin kuɗi yana hannun ma'aji, shi zai karanto muku da bakinsa. Nawa shi ne aikin da aka yi da inda aka gaza.

Babban taronmu shi ne na 10 ga Satumba, ranar hana kashe kai ta duniya, wanda muka yi a Tudun Wada. An kafa rumfa, an jera kujeru, an ɗauko lasifika. Jama'a sun zo, an yi jawabai, an watse. Amma ko mutum ɗaya bai tashi ya faɗi abin da ke cin ransa ba, kuma ban ga laifinsu ba. Wane uba ne zai miƙe a gaban maƙwabtansa ya ce ɗansa yana cewa gara ya mutu ya huta? Shi ya sa da 10 ga Oktoba ta zagayo, ranar lafiyar ƙwaƙwalwa, ba mu sake hayar rumfa ba. Muka rarrabu: maza suka bi majalisu bayan isha'i a Sabon Gari da Gyallesu, mata suka shiga makarantun Islamiyya na matan aure a cikin Birni. A nan bakuna suka buɗe. Wata uwa ta jira har aka tashi, ta ja ɗaya daga cikin membobinmu gefe, ta ce 'yarta tun da ta haihu ba ta barci, ba ta son ɗaukar jaririn, dangin miji kuma sun ce sangarta ce irin ta mai haihuwar fari. Washegari aka raka su asibiti.

Abin da muke koyarwa a waɗannan zama bai da yawa. Mutum ya daina shiga jama'a, ya daina cin abinci ko barci, ya fara raba kayansa, ko yana yawan cewa shi nauyi ne a kan iyalinsa: a zauna da shi, a tambaye shi kai tsaye ko yana tunanin kashe kansa. Wannan tambaya ta jawo mana muhawara mai zafi a kwamiti. Wani dattijonmu ya ce ai wannan tuna wa mutum abin da bai sani ba ne. Ma'aikaciyar jinyar da ke cikinmu ta ce masa, Baba, likitocin wannan fanni sun daɗe da tabbatar da cewa tambaya ba ta shuka tunanin, sauƙi ma take kawo wa wanda ya daɗe yana ɗauke da shi shi kaɗai. Dattijon bai gamsu a ranar ba, amma daga baya shi ya jagoranci zaman unguwarsu. Idan amsar wanda aka tambaya ta zama e, kada a bar mutum shi kaɗai, a kawar da duk abin da zai iya cutar da kansa da shi, a kai shi wurin likita a ranar, ba sai an gama shawara da dangi na nesa ba.

Mun zauna da limamai da malaman ruƙiya, kuma a ganina wannan ya fi komai amfani a bana. Babu Musulmin Zazzau da bai san kashe kai haramun ba ne. Aya ta 29 a Suratun Nisa'i ta hana, ta kuma rufe da cewa Allah mai jinƙai ne gare mu. Abin da muka roƙa shi ne a riƙa kai huɗuba har ƙarshen ayar, a daina ce wa mai ciwon damuwa rashin tawakkali ne ke damunsa. Ba a faɗa wa mai ciwon suga haka. Malamai da dama sun amince za su yi addu'a su kuma tura asibiti. Wasu sun ce za su duba. Batun ɗaure mara lafiya a mari kuwa ba mu yi sassauci ba. Kowa yana tune da mutanen da aka fito da su cikin sarƙa daga wani gida a Rigasa a 2019. Haka kuma mun gana da wasu shugabannin coci a Wusasa da Sabon Gari, domin ciwon bai san masallaci ko coci ba.

Tambayar da aka fi yi mana ita ce ta 'yan sanda. Dokar Penal Code da Arewa ta gada ta tanadi tara ko ɗaurin da zai iya kai shekara ɗaya ga wanda ya yi yunƙurin kashe kansa, kuma wannan tsoro ne ke sa iyali su rufe ƙofa su nemi manja da madara maimakon su nemi mota. Muna gaya musu ceton rai shi ne farko. Muna kuma sanar da su sabuwar dokar lafiyar ƙwaƙwalwa da marigayi Shugaba Buhari ya sa wa hannu, aka bayyana a Janairun 2023, wadda ta maye gurbin dokar mahaukata ta 1958 ta kuma ba mara lafiya haƙƙin a kula da shi cikin mutunci.

Rakiyar marasa lafiya ita ta fi cin kuɗi. Yawanci Asibitin Koyarwa na Shika muke kai su, wani lokaci kuma asibitin ƙwaƙwalwa na tarayya da ke Barnawa a Kaduna. Tun cire tallafin mai a 2023 kuɗin mota ya zama abin da ya zama. Likitocin ƙwaƙwalwa a duk Nijeriya ba su kai 300 ba, don haka ranar da aka ba mutum ya koma ba abin wasa ba ce. Da yawa suna barin magani da zarar sun ji sauƙi, sai ciwo ya dawo. Muna buƙatar masu bibiya ta waya.

Inda muka gaza: ƙauyuka. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce kusan kashi ɗaya cikin biyar na masu kashe kansu a duniya maganin ƙwari ne sanadi, ga mu kuma a tsakiyar manoma. Mun yi alkawarin zuwa Giwa da Soba kafin damina mu yi magana kan ajiye maganin feshi a kulle, nesa da ɗakin kwana. Ba mu je ba. Zauren WhatsApp da muka buɗe wa ɗaliban Jami'ar Ahmadu Bello na Samaru da Kongo shi ma ya koma wurin tura gaisuwar Juma'a.

Sai maganar kuɗin wata. Wasu tun watan azumi ba mu ji ɗuriyarsu ba, sun san kansu.

A shekara mai zuwa kwamiti ya tsayar da tafiyar ƙauyuka kafin saukar ruwan farko, da ziyarar iyalan da wani nasu ya kashe kansa, waɗanda sau da yawa ko gaisuwa ba a zuwa musu yadda ya kamata. Takardar masu son shiga aikin rakiya da bibiya tana wurin mataimakiyar sakatare. A rubuta suna da unguwa kafin a tashi.

Wassalam.

Sakataren ƙungiya