Buɗaɗɗiyar Wasiƙa Ga Ministan Al'adu Na Italiya: A Ƙwato Ƙofar Kolosiyam Daga Hannun Masu Ɓoye Tikiti

Mai girma Minista,

Barka da aiki. Ni Bahaushe ne mazaunin ƙasarku, kuma maganar tikitin shiga Kolosiyam, tsohon filin wasan Rumawa da ke birnin Rum, ce ta sa na ɗauki alƙalami, don haka ba zan tsare ka da doguwar gaisuwa ba.

Ka fi ni sanin abin da ya faru a watan Afrilun 2025. Hukumar da ke sa ido kan harkar kasuwanci a Italiya ta ci tarar da ta kusa Yuro miliyan 20 a kan wannan tikiti. Miliyan 7 daga ciki a kan CoopCulture ta faɗa, wato kamfanin da aka danƙa wa sayar da tikitin tun 1997 har zuwa 2024, ragowar kuma a kan wasu kamfanonin yawon buɗe ido guda shida. Abin da binciken ya bankaɗo ba shi da daɗin ji. Da zarar an saki tikiti a intanet, sai manhajojin da aka kitsa don wannan aiki su wawushe shi kafin ɗan Adam ya gama rubuta sunansa. Wanda aka ba amanar ƙofar bai hana ba, shi ma kansa ya ware kaso mai tsoka yana haɗawa da nasa rangadin mai tsada. Baƙo ya zo da Yuro 18 ɗinsa, kuɗin da hukuma ta yanka, a ce masa babu. Ya juya, sai ga tikitin nan a hannun wani, an liƙa masa ɗan rakiya da alkawarin tsallake layi, kuɗin ya ninka. Mu a gida mun san wannan sana'a: gidan mai a rufe, ɗan bumburutu a bakin ƙofarsa da jarkoki cike.

Tambayata ita ce, ina ma'aikatarku take duk tsawon lokacin da ake wannan? Gini na gwamnati ne, ƙofa ta gwamnati ce, kwangila gwamnati ce ta bayar. Sai da koke ya yi yawa aka buɗe bincike a 2023. Tara kuwa aljihun hukuma za ta shiga. Uban da ya tara kuɗi shekara da shekaru ya kawo 'ya'yansa Rum, ya tsaya a rana yana lissafi, daga ƙarshe ya ɗauke su hoto daga waje suka koma, shi wa zai biya shi?

Abin da ya fi ƙona min rai shi ne tarihin wurin kansa. A da, tafki ne a nan, a tsakiyar ƙasaitacciyar fadar da Sarki Nero ya gina wa kansa bayan gobarar shekara ta 64. Da Vespasian ya hau mulki sai ya sa aka janye ruwan, aka kafa harsashin wannan fage a gurbinsa, don mutanen gari su ga cewa filin da sarki ɗaya ya killace ya dawo hannunsu. Ɗansa Titus ya buɗe shi a shekara ta 80 da wasannin kwana 100. Mutum kusan 50,000 yake ɗauka, kuma ba a karɓar kuɗin shiga. Ƙofofi 80 ne a kewaye, 76 daga ciki da lamba, kowa ya riƙo shaidarsa ya nemi tasa ƙofar. In ka zagaya ta gefen arewa ka ɗaga kai, har yau za ka ga lambobin a sassaƙe a kan dutse, daga 23 zuwa 54, ruwa da rana ba su shafe su ba. Mutanen da suka rayu kusan shekara 2,000 da suka wuce sun iya tsara yadda talaka zai shiga ya zauna ya fita ba turereniya. Yaya za a ce mu da kwamfuta a hannu mun kasa?

Ba wanke Rumawan nan nake yi ba. Da ganimar da aka kwaso daga Kudus a shekara ta 70 aka yi ginin. An jera mutane bisa matsayi, manya a gaba kusa da fage, mata da marasa galihu can ƙololuwa. Jinin bayi da fursunoni ya kwarara a kan yashin nan, haka na zakuna da damisoshin da aka yi ta kamowa daga arewacin Afirka. Wannan ma dalili ne da ya sa bai kamata a mai da wurin na masu hali kaɗai ba. Duk wanda ya sauka ƙarƙashin fagen, cikin lungunan da Sarki Domitian, ƙanin Titus, ya ƙara, ya ga ƙuntatattun ɗakunan da ake tsare dabbobi da gurabun na'urorin da ke cilla su sama, ba zai fito yadda ya shiga ba. Ɗalibi ya fi kowa bukatar ganin wannan, kuma shi ne ya fi kowa rashin kuɗi. Tun da aka buɗe sashen ƙarƙashin fagen gaba ɗaya ga jama'a a 2021, bayan gyaran da kamfanin Tod's ya ɗauki nauyi, tikitinsa ne ya fi kowanne wuyar samu.

A watan Oktoban 2023 wanda ka gada, Gennaro Sangiuliano, ya kawo tikiti mai ɗauke da sunan mai shi, aka ce da wannan an toshe kafar masu sari. Mataki ne mai kyau, ban raina ba. An kuma sauya mai sayarwa a 2024. Amma ina roƙonka, wata rana ka fito daga tashar jirgin ƙarƙashin ƙasa ta Colosseo da ƙafa, ba rakiya. Kafin ka tsallaka titi za a tare ka da ƙananan alluna da takardu, wannan na ce maka layi ya yi tsawo, wancan na ce maka na yau ya ƙare sai a wurinsa. Baƙon da bai jin Italiyanci ba ya iya bambance ma'aikaci da ɗan kamasho. Ban ga laifin samarin da ke tsaye a rana suna neman na abinci ba, da yawansu baƙi ne irina. Waɗanda ke ba su tikitin nake magana a kai.

Don Allah, Mai girma Minista, a riƙa bayyana wa jama'a kowane wata tikiti nawa aka sayar wa ɗaiɗaikun mutane, nawa aka ba kamfanoni. A ware kaso tabbatacce da za a riƙa sayarwa a bakin ƙofa kowace safiya, har da na sashen ƙarƙashin ƙasa, saboda wanda ba shi da katin banki ko bai iya tsere da manhaja ba. Kamfanin da aka sake kamawa kuma a yanke hulɗa da shi gaba ɗaya, domin tarar da ba ta kai ribar da aka ci ba ba ta hana kowa komawa. Ranar Lahadin farkon wata da ake shiga kyauta a bar ta yadda take.

Sai maganar daɓen katako. A watan Mayun 2021 ministan al'adu na lokacin, Dario Franceschini, ya sanar da aikin Yuro miliyan 18.5 na shimfiɗa sabon daɓe a fagen, ya ce za a kammala a 2023. Shekarar ta zo ta wuce ba a kammala ba. Ni wannan bai dame ni kamar tikiti ba, amma alkawari ne da aka yi a bainar jama'a, ya kamata a fito a faɗa mana inda aka kwana.

Na gode.

Naka,
Wani Bahaushe mazaunin Italiya