Sanarwa: Zaman Ɗinkin Bargon Ƙyalle

Assalamu alaikum ƴan uwa, barkanmu da war haka.

Zamanmu na ranar Asabar yana nan, ƙarfe 10 na safe, a gidan shugaba. Wannan karon za mu gwada salon matan Gee's Bend na jihar Alabama a Amurka, masu haɗa bargo da tsofaffin wandunan aiki. Layukansu ba sa miƙewa, kuma a nan kyan abin yake, don haka kada wadda ta ce hannunta bai faɗa ba.

Kowacce ta zo da almakashi, allura, zare da ƙyallayen atamfa ko shadda, wankakku, gogaggu, don ɗanyen yadi yakan zuba. Ku leƙa wajen telolin unguwa kafin su share ragowar yadi. Kuɗin auduga naira 1,000 ne.

Allah Ya kai mu lafiya.