Kafin ki taho da yara Ingila

Assalamu alaikum Yaya,

Ina fatan kuna lafiya. Ya jikin Inna? Allah ya ƙara sauƙi, a gaishe min da ita da kyau.

Tunda kin ce a watan Yuli za ki taho da yara, dole in ja miki kunne kan wani tsiro, don lokacin ne yake fure. Turawa na kiransa giant hogweed. Daga tsaunukan Kokasus, da ke tsakanin Turai da Asiya, aka kawo shi Ingila a ƙarni na 19 don ƙawata lambu, ya tsere ya mamaye bakin koguna. Guda ɗaya kan zubar da iri sama da 20,000, ruwa na kwasa yana rarrabawa.

Ba ya ɓuya. Tsayinsa kan kai mita uku zuwa biyar, furensa fari ne a baje kamar lema, ganyen faffaɗa mai tsage-tsage, karan kuma kauri gare shi, da ɗigo-ɗigon ja mai duhu da gashi mai kaushi. Karan nan shi ne fargabata, Yaya, domin cikinsa rami ne. Kin san yara, sai su karya su busa, ko su kafa a ido suna leƙe.

Ruwan jikinsa ne dafin. Idan ya taɓa fata ba a jin komai nan take, sai rana ta haska wurin, bayan kwana ɗaya ko biyu ya duri ruwa, ya yi bororo. Tabon kan daɗe, wurin kuma yakan shekara da shekaru bai jure rana ba. A ido ya fi muni. Kada ki ce baƙar fatarmu za ta kare su. Wanda ya taɓa, a wanke da sabulu da ruwan sanyi maza-maza, a rufe wurin kwana biyu, in ya tashi a je asibiti.

In kun gan shi, kada wanda ya ce zai sare. Ki tsaya nesa ki ɗauki hoto, ki lura da wurin, mu aika wa kansil ɗin yankin ko mu saka a manhajar iRecord, inda ake kai rahoton tsirrai da dabbobin da aka gani. Wata doka ta 1981 ta haramta shuka shi ko yaɗa shi a daji. Ni dai na fi son a kai rahoto ko da ana kokwanto, don wasu 'ya'yan ma na bin hanyar.

Ki nuna wa yaran hotonsa tun yanzu, musamman auta. Ki sanar da ni ranar tasowarku.

Ƙanwarki.