Zuwa ga Yaya, daga Manchester

Assalamu alaikum Yaya,

Ina fata kuna lafiya, ke da Malam da yara. Ya ƙafar Inna, ta yi sauƙi? Kuɗin makarantar Ummi na turo ta hannun Auta, ki tambaye shi. Mu nan sanyi ya kankama, ƙarfe huɗu na yamma duhu ya rufe, aiki kuwa sai godiya.

Akwai maganar da ke cina, ba zan iya kai ta gaban Inna ba, ke ce kawai. Wani abokin aikina ya sa ni kallon wani fim na Amurka mai suna Interstellar, wanda Christopher Nolan ya yi a 2014. Kin san ni ba ma'abocin fim ba ne, amma wannan ya hana ni barci.

Labarin wani manomi ne, Cooper, tsohon matuƙin jirgi. Ciwo ya cinye amfanin gona, sai masara ta rage, ƙura kuma tana turnuƙe gari kamar hazon hunturu ya ƙi wucewa. Aka ce ya tuƙa kumbo su nemo wa 'yan Adam wata duniyar da za su koma. Yana da ɗa namiji, da 'ya mai shekara 10, Murph. Yarinyar ta roƙe shi kada ya tafi. Ya ba ta agogo, ya yi mata alkawarin zai dawo, ta yi jifa da agogon ta juya masa baya. Sai da motarsa ta yi nisa ta fito a guje tana kiransa.

Inda abin ya kama ni shi ne wata duniya da suka sauka, ruwa ne ko'ina, kusa da abin da masana ke kira baƙin rami. Tsananin ƙarfin jan wannan rami yana rage wa lokaci gudu, har awa ɗaya a can ta zama shekara 7 a duniyarmu. Tushen abin ba tatsuniya ba ne, Yaya, ilimin Einstein ne, kuma Kip Thorne, masanin da ya tsaya musu kan lissafin, ya samu kyautar Nobel a 2017. Wata igiyar ruwa ta tsare su, har tafiyar ta ci musu awa uku da 'yan kai. Da suka koma kumbo, abokinsu da suka bari ya yi furfura. Shekara 23 sun tafi.

Sai Cooper ya zauna ya kunna saƙonnin bidiyo da suka taru. A zama ɗaya ya ga ɗansa ya gama makaranta, ya yi aure, ya ɗaga masa jariri ya gani, a wani saƙon kuma ya ce sun binne jaririn. Ba halin mayar da amsa, saƙo na shiga ne ba ya fita. Murph kuwa duk shekarun nan ba ta ce uffan ba, sai ranar da shekarunta suka kai nasa na lokacin da ya tafi. Mutumin nan yana dariya yana kuka, ni ma wallahi ban san sanda hawaye ya zubo mini ba.

Tsakanina da ku awa ɗaya ce kacal da sanyi, da zafi ma agogonmu ɗaya. Amma a waya na ga Ummi ta yi giɓi, a waya na ga haƙoran sun fito, a waya aka nuna mini saukar izunta na farko. Tun Maris ɗin 2024 gwamnatin nan ta hana sababbin masu aikin kula da tsofaffi irina kawo iyali, don haka maganar su biyo ni babu ita yanzu.

An tashe mu da kunyar ɗan fari. Ba na kiran sunanta, ga shi kuma sunan Inna ne. Idan na kira gida na gaisa da kowa, ita sai dai in ce "ya yaran?" Ban raina wannan tarbiyya ba. Amma kunyar nan ta uban da ke cikin gida ce, wanda 'yarsa ke jin gyaran muryarsa a zaure da asuba, tana ganin ledar tsire a hannunsa da dare. Ita ta san yana sonta ko bai faɗa ba. Wanda ke bayan teku kuwa, in ya yi shiru, me yarinya za ta riƙe? Murph ta san babanta ceton duniya ya tafi, kuma hakan bai hana ta yi shekaru tana jin yar da ita ya yi ba. Kuɗin makaranta ba zai yi wa Ummi wannan bayanin ba.

A ƙarshen fim ɗin ya dawo, shi da ƙuruciyarsa, ita tsohuwa tukuf a gadon asibiti, 'ya'ya da jikoki sun kewaye ta. Bayan 'yan mintuna ta sallame shi, don tana da nata mutanen. Mutane na cewa wai ƙarshe mai daɗi ne. Ni ban ga daɗinsa ba. Kullum ina juya tsofaffi a gado ina ba su abinci a baki, na san yadda ziyarar da ta zo a makare take.

Alfarma biyu nake nema. Ku daina ce mata Baba na nan tafe da Sallah, tunda ni kaina sai na ga hutu da kuɗin jirgi a hannu zan sa rana. Sannan duk Juma'a bayan la'asar ki kira ta ɗakinki ki ba ta wayarki, ku bar mu mu biyu. In fushi take yi da ni ta faɗa, kada kowa ya kwaɓe ta. In Inna ta ji ta ce na yi rashin kunya, ki tare mini, ke kin san yadda ake shawo kanta.

Ki gaida Malam, ki ce wa ƙanwar taki zan kira ta ranar Lahadi.

Naki,
ƙaninki