Tsokaci kan tsoka da zanen aisometirik

Zuwa ga Edita,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa da fatan alheri gare ka da sauran ma'aikatan wannan jarida, ina roƙon a ba ni ɗan fili in yi tsokaci a kan wata kalma da ta fara yawo a bakin masu sha'awar motsa jiki, wato aisometirik, wadda ni kuma na shafe shekaru ina rubuta ta a allo da wata ma'ana dabam. Ni malamin zanen fasaha ne, irin zanen da injiniyoyi da magina da masu ƙera injuna suke aiki da shi, kuma ban taɓa zaton kalmar ajinmu za ta biyo ni har asibiti ba, sai da gwiwata ta dama ta matsa mini aka tura ni wurin likitan gashi. Da ya ce da atisayen aisometirik za mu fara, dariya ta kama ni, na tambaye shi ko in zo da rula da fensir.

Asalin kalmar daga harshen Girka ne, an haɗa isos mai nufin daidai da metron mai nufin awo. A jikin ɗan Adam, ma'anarta ita ce tsoka ta yi aiki da ƙarfi alhali tsawonta yana nan yadda yake, gaɓar da take riƙe da ita ma ba ta motsa ba. Idan mutum ya ɗaga kaya mai nauyi zuwa ƙirjinsa, tsokar ƙwanjinsa gajarcewa take yi. Idan ya sauke kayan a hankali, tana miƙewa amma tana ja don kada kayan su kufce masa. Idan kuwa ya tsaya cak a tsakiyar hanya ya riƙe kayan a wuri ɗaya, babu gajarcewa babu miƙewa, amma ba za a jima ba gumi zai karyo masa. Wannan na ukun ake kira aisometirik. Tura bango, da matse ƙwallo a tafin hannu, da dogarawa a kan gwiwar hannu da yatsun ƙafa jiki a miƙe kamar katako, duk a cikinsa suke.

Abin da likitan ya fara sa ni bai taka kara ya karya ba a ido. Ya naɗe tawul ya cusa a ƙarƙashin gwiwata ina zaune ƙafa a miƙe, ya ce in danna bayan gwiwar a kan tawul ɗin har in ga tsokar cinyata ta ɗaure, in ƙirga goma, sannan in saki. Dalilinsa shi ne gaɓar da ke ciwo ba ta son a yi ta lanƙwasa ta, tsokar da ke riƙe da ita kuwa, idan aka bar ta babu aiki, makonni kaɗan sun isa ta fara ramewa, saboda haka sai a ba tsokar aiki a bar gaɓar ta huta. Daga baya ya mayar da ni jikin bango, bayana a jingine, ƙafafuna a ɗan gaba, in zame ƙasa kamar zan zauna a kan kujerar da babu ita. A ranar farko ban cika daƙiƙa 30 ba cinyoyina suka kama rawa kamar mazari.

Ba yau aka fara binciken wannan atisaye ba. A shekarar 1953 wasu masana biyu a Jamus, Theodor Hettinger da Erich Müller, na cibiyar Max Planck da ke Dortmund, suka wallafa cewa ɗaure tsoka sau ɗaya a rana na tsawon daƙiƙa 6, da kimanin kashi biyu cikin uku na iyakar ƙarfin mutum, yana ƙara mata ƙarfi da kusan kashi 5 cikin 100 a mako. Labarin ya bazu, 'yan wasa da masu horar da su suka rungume shi, ko da yake binciken da ya biyo baya ya nuna ƙarin bai cika kai wannan yawan ba. Abin da ya sake tayar da zancen a 'yan shekarun nan kuwa hawan jini ne. A shekarar 2023 mujallar likitancin wasanni ta Birtaniya ta buga wani nazari da ya tattara gwaje-gwaje 270 da aka yi a kan mutane 15,827, inda aka ga atisayen aisometirik yana rage lambar sama ta awon jini da kimanin maki 8, lambar ƙasa kuma da maki 4, alhali gudu da tafiya da tuƙa keke sun rage kimanin 4.5 da 2.5. Zaman bangon nan da ya sa ni rawar cinya yana cikin waɗanda suka fi tasiri, kuma tsarin da aka fi bi a gwaje-gwajen shi ne riƙewa na minti 2 har sau huɗu, da hutun minti 1 zuwa 4 a tsakani, kwana uku a mako. Bayanin da masana suka fi karkata gare shi shi ne tsokar da ta ɗaure tana matse hanyoyin jinin da ke ratsa ta, da zarar an saki sai jinin ya kwararo da ƙarfi, maimaita hakan kuma yana koya wa hanyoyin saurin buɗewa.

Duk wannan gaskiya ne, kuma ni ganau ne a kan amfanin atisayen. Abin da ya sa na ɗauki alƙalami shi ne yadda nake jin wasu suna ɗaukar labarin su kai shi inda masu binciken ba su kai ba, har wani abokin aikina yana ce mini tunda jingina da bango ta fi tafiya, shi ya sallami tafiya, kuma yana shawarar ajiye ƙwayoyinsa na hawan jini. Da na rasa yadda zan fahimtar da shi, sai na koma ga abin da na fi sani, wato darasin zane.

A zanen aisometirik, ana nuna tsawo da faɗi da tsayin abu duka a hoto ɗaya. Ana farawa da layi ɗaya a tsaye, sannan daga samansa a ja layuka biyu, ɗaya dama ɗaya hagu, kowanne ya tashi digiri 30 daga layin kwance, abin da ke sa tsakanin kowane biyu daga cikin hanyoyin uku ya zama digiri 120. Shi ya sa ma'aunin nan mai siffar alwatika, mai kusurwar 30 da 60 da 90, ba ya barin hannun ɗalibi. Layukan da suke tafiya kafaɗa da kafaɗa a jikin abu, haka za su ci gaba a takarda ba tare da sun haɗu a nesa ba, saɓanin zanen masu hoto inda titi yake tsukewa idan ya yi nisa. William Farish, farfesa a Jami'ar Kambirij ta Ingila, shi ne ya shimfiɗa ƙa'idojin wannan zane a rubutunsa na shekarar 1822, domin yana neman hanyar da zai nuna wa masu taimaka masa yadda za su harhaɗa samfuran injunan da yake koyarwa da su. Har yau masu shimfiɗa bututu a masana'antu da shi suke aiki, haka ma takardar da ke zuwa da kujera ko teburin da mai saye zai haɗa da kansa. Armashinsa shi ne awo ɗaya ake amfani da shi a hanyoyin uku, ta yadda mai karatu zai iya ɗora rula a kan takarda ya karanta. A bisa lissafi na ainihi kowane gefe yakan ragu zuwa kimanin kashi 82 cikin 100 na tsawonsa, amma da yake duka ukun tare suke raguwa, mu masu zane mukan yi biris da ragin mu zana cikakken awo.

Kowace shekara sai na sami ɗalibin da zai faɗa rami ɗaya, har na daina gargaɗi tun da farko, na gwammace ya gani da idonsa. Nakan ce a zana akwati mai milimita 40 ta kowane gefe, sannan a faɗa mini tsawon layin da ya ratsa murfinsa daga kusurwa zuwa kusurwa. Sai ɗalibi ya ɗora rula ta hanyar kwance ya sami kusan 69, ya ɗaga hannu da murna. Maƙwabcinsa kuma ya auna ɗayan layin ya sami 40, gardama ta kaure a tsakaninsu, alhali a jikin akwatin gaske layukan biyu tsawonsu ɗaya, kusan 57. Babu wanda rularsa ta yi ƙarya. Daidaiton da sunan ya yi alkawari a kan hanyoyin nan uku kaɗai yake, duk layin da ya kauce musu sai dai a nemo kansa da ƙarshensa ta hanyar awon da ke bin hanyoyin, sannan a haɗa. Haka da'ira take komawa siffar ƙwai, kusurwar digiri 90 kuma ta fito 60 ko 120.

Tsoka ma kusan haka take, kuma wannan ne ba a cika faɗa wa mutane ba. Ƙarfin da ake samu daga riƙe gaɓa a wuri ɗaya ya fi taruwa a kusurwar da aka riƙe da abin da ke kusa da ita, yana raguwa gwargwadon yadda aka yi nesa da ita. Na tabbatar da hakan a jikina, domin lokacin da na kai ina riƙe zaman bango minti 2 cur ina alfahari, saukowa daga matakalar bene har yanzu sai na kama ƙarfen gefe, saboda saukowa aiki ne na tsokar da ke miƙewa tana riƙe da nauyin jiki, kuma ban horar da ita a kan wannan ba. Sai da likitan ya ƙara mini hawa da sauka a kan ɗan dandamali a hankali, da tsugunawa da miƙewa, sannan gwiwar ta yarda da matakala. Tsayuwa cak ba ta horar da zuciya da huhu yadda tafiya mai sauri take yi, kuma ba ta ƙona kitsen a-zo-a-gani. Nazarin 2023 ɗin ma awon jinin mutum yana hutawa ya duba, bai ƙirga shanyewar ɓarin jiki ko bugun zuciyar da aka kauce wa ba, gwaje-gwajen aisometirik da ke cikinsa kuma ba su kai na gudu da tafiya yawa ba. Shawarar Hukumar Lafiya ta Duniya ta shekarar 2020 tana nan daram: minti 150 zuwa 300 na matsakaicin motsa jiki a mako ga babban mutum, da atisayen ƙarfafa tsoka aƙalla kwana biyu.

Akwai kuma batun numfashi, wanda a ganina ya fi komai haɗari. Ɗabi'ar mutum ce idan ya yunƙura ya datse numfashinsa, kuma ni kaina ban san ina yi ba sai da likitan ya ce in dubi madubi, na ga fuskata ta cika, jijiyoyin wuyana sun fito raɗa-raɗa. Ɗaure tsoka da kansa yana ɗaga awon jini a daidai lokacin da ake yi, riƙe numfashi kuma yana ƙara ingiza shi sama, ragin da ake magana sai bayan makonni yake bayyana. Dabarar da ya ba ni mai sauƙi ce, wato in riƙa ƙirgawa da baki a bayyane, domin mai magana ba ya iya riƙe numfashi. Wanda jininsa ya hau sosai bai sauka ba, ko mai ciwon zuciya, ko mai juna biyu, wajibi ne ya nemi shawarar likitansa kafin ya fara, batun ajiye magani kuwa ba hurumin kowa ba ne sai likitan da ya rubuta shi.

Roƙona ga jaridarku shi ne, duk lokacin da za a buga hoton irin wannan atisaye a shafin lafiya, a rubuta masa awonsa kamar yadda muke tilasta wa ɗalibai su rubuta a gefen zane: gwiwa a kusurwa nawa, daƙiƙa nawa za a riƙe, hutu nawa, sau nawa a mako, da kuma waɗanda bai kamata su fara ba sai da izinin likita. A kuma bayyana cewa ba dole ne sabon shiga ya sauka har cinyarsa ta kwanta daidai da ƙasa ba, ɗan lanƙwasawa kaɗan ya ishe shi farawa. Ni dai yanzu akwai alamomi uku na fensir a bangon ɗakina, ɗaya a kan ɗaya, inda kafaɗata take tsayawa a kusurwa uku dabam-dabam, ina zagaya su bi da bi, in kuma fita tafiyata da yamma. Abokin aikin nawa ya zo ya ga alamomin, ya gwada ta ƙasa, ya miƙe kafin mu ƙirga ashirin, kuma na ji ya ce zai koma asibiti a sake auna shi kafin ya taɓa maganinsa.

Na gode da wannan dama.

Naku,
Wani malamin zanen fasaha